Jean-Dominique Bauby: Editan da ya rubuta littafi da ƙiftawar ido ɗaya

Ranar Juma'a, 8 ga Disamba 1995, birnin Paris ya cika mako biyu a tsaye cak. Ma'aikatan jiragen ƙasa da na sufurin cikin gari sun ajiye aiki don ƙin amincewa da shirin Firaminista Alain Juppé na yi wa fansho da inshorar lafiya garambawul. Tituna sun cushe da motoci, masu zuwa aiki suna takawa a ƙafa cikin sanyin hunturu. Da yammacin ranar ne babban editan mujallar Elle, Jean-Dominique Bauby, ya fita bayan gari ya ɗauko ɗansa Théophile da niyyar su je kallon wasan kwaikwayo. Yana cikin tuƙi gumi ya keto masa, hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa, gaɓoɓinsa suka yi nauyi. Wata ma'aikaciyar jinya daga dangin uwar 'ya'yansa ce ta fara duba shi, ba ta ɓata lokaci ba ta ce a garzaya da shi asibiti. Bai daɗe da isa ba ya faɗa doguwar suma. Shekararsa 43.

Da ya farfaɗo bayan kwana 20, hankalinsa na nan daram. Yana jin abin da ake faɗa, yana gane fuskoki, yana tuna komai. Amma daga wuya zuwa ƙafa babu abin da ke amsa kiransa, harshe ya mutu, haɗiyar yawu ta gagara. In ban da ɗan juya kai da ya samu daga baya, fatar idonsa na hagu ce kaɗai ta rage masa. Da ita ya yi sauran wata 14 da 'yan kwanaki da suka rage masa a duniya, da ita kuma ya rubuta littafin da ya sa likitoci da 'yan siyasar ƙasarsa suka daina kallon masu irin ciwonsa kamar itacen da aka jingine.

An haife shi a Paris ranar 23 ga Afrilu 1952. Ya shiga aikin jarida tun yana saurayi a jaridar Combat, wadda ta samo asali daga gwagwarmayar ɓoye da Faransawa suka yi da mamayar Jamus, sannan ya koma Le Quotidien de Paris. Yana da shekara 28 ya riga ya zama babba a ɗakin labarai na Le Matin de Paris, daga nan ya riƙe sashen al'adu a Paris Match, a 1991 kuma ya zama babban editan Elle, mujallar mata da kayan ƙawa da ake karantawa a ƙasashe da dama. Abokansa sun san shi da kaifin harshe, da barkwanci, da son abinci mai daɗi da motoci da tafiye-tafiye. Ba waliyyi ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. 'Yan watanni kafin ciwon ya rabu da uwar 'ya'yansa biyu, Théophile da Céleste, ya koma zama da wata. Mutum ne da duk arzikinsa magana ce, ita ce kuma ciwon ya fara ɗaukewa.

Gadar da ta karye ta ɓangare ɗaya

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, akwai wani ɗan kututture da kaurinsa bai wuce na babban yatsa da yawa ba, shi ne ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Tsakiyarsa likitoci suke kira pons, kalmar Latin ce mai ma'anar gada. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa da harshe da maƙogwaro ta gaban gadar nan yake bi. Hanyoyin da ke kawo saƙo daga jiki, da kuma cibiyar da ke riƙe mutum a farke, suna ta bayanta. Idan babbar jijiyar jinin da ke kwance a gaban gadar ta toshe, ko jini ya ɓalle a wurin, gaban yakan mutu bayan ya tsira. Saƙo yana shigowa, umarni ba ya fita. Mutum yana jin ƙaiƙayi ba ya iya sosawa, ƙuda na sauka a hancinsa ba ya iya korarsa, ana maganarsa a kansa ba ya iya cewa uffan. Abin da ke sarrafa ɗaga ido sama da sauke shi ƙasa, da ɗaga fatar ido, yana can saman inda ɓarnar ta tsaya, shi ya sa wannan ƙofa ɗaya take saura a buɗe.

Likitocin Amurka biyu, Fred Plum da Jerome Posner, su suka raɗa wa yanayin suna a 1966, suka kira shi locked-in syndrome, wato ciwon da ke kulle mutum cikin jikinsa. A 1979 wasu likitoci a Ostiriya suka kasa shi uku: wanda ido kaɗai ya rage masa, wanda yake da ɗan motsin yatsa ko kai a kan haka, da wanda ko idon ma ya tsaya alhali hankali na nan. Bugun jini a ƙwaƙwalwa, irin wanda ya kada Bauby, shi ne sanadin da ya fi yawa. Bayansa akwai buguwar kai a haɗarin mota ko babur, da ƙari a ƙwaƙwalwa, da lalacewar jijiyoyin gadar idan aka yi gaggawar ɗaga gishirin jinin mara lafiya bayan ya yi ƙasa sosai. Dafin wasu macizai irin su gamsheƙa ma yakan shanye jiki har mutum ya yi kama da gawa alhali yana ji, kuma wannan ya shafi manoman shinkafa a fadamun Argungu kai tsaye, domin irin wannan shanyewar tana warkewa sarai idan aka taimaka wa numfashi aka ba da maganin dafi a kan lokaci.

Alamomin farko ba su cika kama da shanyewar ɓarin jiki da jama'a suka saba gani ba. Jiri, ganin abu biyu-biyu, nauyin harshe, ciwon ƙeya, amai, tangaɗi kamar na mai maye, wani lokaci su zo su tafi na kwanaki kafin babban bugun. A inda ake fara kai zargi ga iska ko jifa idan mutum ya faɗi ba zato (har yau sunan da Hausawa ke kiran foliyo da shi, shan-inna, yana ɗauke da wannan tarihi), sa'o'in da ya kamata a yi su a hanyar asibiti sukan ƙare a tsakar gida.

Ɗaki mai lamba 119

An kai Bauby asibitin gwamnati da ke Berck, a bakin teku a arewacin Faransa, wani tsohon gini da aka buɗe a 1869 don jinyar yara masu tarin fuka. Aka huda masa maƙogwaro don numfashi, aka sa masa bututun abinci zuwa ciki. Cikin mako 20 na farko ya zubar da kilo 30. Fatar idonsa na dama ta daina rufewa, don gudun kada ƙwayar idon ta yi gyambo sai likita ya ɗinke shi. Bauby ya ba da labarin cewa farkawa ya yi ya tarar ana ɗinkin, ba a yi masa bayani ba, tsoronsa kuma shi ne kada a zarce a ɗinke na hagun. Kunnensa na dama ya toshe, na hagu kuma ya riƙa ƙara ƙarfin duk wata hayaniya ta nesa, ta yadda ƙarar keken marasa lafiya a baranda kan zame masa azaba.

Abin da ya fi tsayawa a ran wanda ya karanta labarinsa ba manyan masifun ba ne. Ƙananan ne. Ma'aikacin da ya kashe masa talabijin ana tsakiyar wasan ƙwallo ya fice. Wanda ya bar shi a karkace dare guda. Wankan mako-mako da wata rana yakan ba shi dariya, ganin ƙato ɗan shekara 44 ana juya shi kamar jariri, wata rana kuma ya sa shi hawayen da ba ya iya sharewa. Mahaifinsa, tsoho mai shekara 92 da ƙafafunsa suka daina iya saukowa daga benen da yake zaune, yakan kira ta waya, a kara wa ɗan a kunne, uban ya yi ta magana ba amsa. Ranar da aka kawo masa 'ya'yansa bakin teku, Théophile ne ya riƙa goge masa yawun da ke dalala.

Wadda ta buɗe masa ƙofa ita ce Sandrine Fichou, ƙwararriya a gyaran magana. Ta kawo masa jerin haruffa da aka tsara bisa yawan fitowarsu a Faransanci: E a gaba, sai S, A, R, I, N, T, har zuwa W a ƙarshe. Mai ziyara zai riƙa karanto su ɗaya bayan ɗaya, idan ya zo kan harafin da Bauby ke so sai ya ƙifta, a rubuta, a koma farko. Babu na'ura, babu lantarki, takarda ce da alƙalami da haƙuri. Haƙurin ne ya fi wuyar samu. Masu gaggawa sukan ƙarasa masa kalma da abin da suke zato, su amsa tambayar da bai yi ba. Masu tsoro sukan karanto haruffan a guje su rasa ƙiftawar. Barkwancin da aka san shi da shi ya mutu, domin kafin a harhaɗa raha harafi-harafi zancen ya wuce. Mafi yawan ma'aikatan asibitin ma ba su koyi tsarin ba.

Yana nan kwance labari ya iso masa cewa a wuraren shan gahawa na Paris, inda 'yan jarida da marubuta ke haɗuwa, an riga an yanke masa hukunci: ai wane ya zama ganye, sai dai numfashi. Ya ji zafin wannan fiye da ciwon. A watan Yuni 1996, wata shida bayan faɗuwarsa, ya fara aika wasiƙa ga abokai da abokan aiki kimanin 60 don su gani da idonsu cewa mai tunani na nan. Editan ya koma aiki.

Dama yana da yarjejeniya da kamfanin ɗab'i na Robert Laffont. Littafin da ya yi niyyar rubutawa kafin ciwon sabon salo ne na labarin Monte Cristo na Alexandre Dumas, wanda ya fara fitowa a 1844. A cikin wannan labari akwai wani tsohon ɗan siyasa, Noirtier, da jikinsa ya shanye, jikarsa ke karanto masa haruffa yana ƙiftawa, har ya yi wasiyya a gaban jami'in shari'a ta wannan hanya. Bauby ya riƙa yi wa kansa ba'a cewa hukuncin taɓa littafin manya ne ya same shi. Kamfanin ya turo masa Claude Mendibil. A watannin Yuli da Agusta 1996 takan zauna gefen gadonsa kimanin awa uku a rana. Shi kuma tun asuba yake tsara jimlolinsa a ka, ya gyara, ya haddace sakin layi sukutum, sannan ya zubo shi idan ta zo. An ƙiyasta ƙiftawar da littafin ya ci ta kai 200,000, kalma guda kuma takan ɗauki kimanin minti biyu.

Ya sa masa suna Le Scaphandre et le Papillon. Kalmar farko sunan tsohuwar rigar masu nutso ce, mai ƙatuwar hular ƙarfe da takalman dalma. Masuntan Matan Fada da gora da homa suke faɗawa ruwa, jikinsu sake. Mai wannan riga kuwa a ƙasan teku yake tsaye, yana kallon duniya ta ɗan gilashi, ko ɗaga hannu aiki ne. Kalma ta biyu ita ce ƙwaron nan mai fukafukai masu launi, wanda Bauby ya kwatanta tunaninsa da shi, mai tashi ya je inda ya ga dama. Da ya san sunan da Hausawa ke kiransa, malam-buɗe-littafi, da wataƙila ya ƙara babi guda.

Littafin, wanda bai kai shafi 150 ba, ya fito a makon farko na Maris 1997. An sayar da kwafi 25,000 a ranar farko, 150,000 cikin mako guda. Ranar 9 ga Maris, kwanaki ƙalilan bayan fitowarsa, ciwon huhu ya kashe Bauby a wani asibiti da ke Garches, kusa da Paris. An binne shi a maƙabartar Père-Lachaise. Kafin rasuwarsa ya assasa ƙungiyar ALIS don masu irin ciwonsa da iyalansu, tana nan tana aiki har yau.

Wa ya fara lura?

Daga mambobin wannan ƙungiya ne aka samo alƙaluman da suka fi tayar da hankali game da ciwon. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan marasa lafiya 44 ya gano cewa a fiye da rabinsu, dangi ne suka fara lura cewa mutumin yana ji yana ganewa, ba likita ba. Matsakaicin lokacin da aka ɗauka kafin a gane ciwon ya kai wata biyu da rabi, wasu kuwa sai bayan shekara huɗu zuwa shida. A birnin New York, wata mata mai suna Julia Tavalaro ta faɗi a 1966, ta yi shekara shida ana juya ta ana zancenta a gabanta a matsayin wadda ba ta san inda take ba, sai a 1973 wata mai gyaran magana ta ce mata ta ɗaga ido idan tana ji. Ta ɗaga. Ta rayu har 2003, ta rubuta waƙoƙi da tarihin rayuwarta.

A 2011 masu bincike daga Jami'ar Liège ta Beljiyam suka tambayi mambobin ALIS yadda suke jin rayuwarsu. Cikin 65 da suka amsa tambayoyin duka, 47 sun ce suna cikin jin daɗi, 18 suka ce ba sa ciki. Da yawa daga waɗanda aka tura wa tambayoyin ba su amsa ba, kuma mai yiwuwa waɗanda suka fi shan wahala suna cikinsu, don haka ba a ɗaukar adadin a matsayin hukuncin ƙarshe. Duk da haka ya isa ya rushe zaton masu lafiya cewa irin wannan rayuwa mutuwa ta fi ta. Abin da marasa jin daɗin suka fi kuka da shi shi ne rashin fita cikin jama'a da ƙarancin abin yi, kuma waɗannan abubuwa ne da kuɗi da tsari ke iya gyarawa.

A nan ne labarin ya zama na siyasa. Tsarin inshorar da aka rufe Paris a kansa ranar da Bauby ya faɗi yana ɗaukar nauyin jinyar wanda bugun jini ya nakasa, kuma asibitin Berck na gwamnati ne. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita, duk da alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, duk kuma da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana har da na Kano da Zariya aka wallafa a 2018, ya danganta kusan kashi 90 na bugun jini a yankin da hawan jini, ciwon da awonsa ba ya cin minti biyar. Magidancin da ya faɗi a wani ƙauyen Argungu, sai an nemo mota an kai shi babban asibitin garin, daga nan a tura shi Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko na tarayya, ko kuma a nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Maganin narkar da gudan jini kuwa sa'o'i huɗu da rabi na farko yake da su. Wanda ya tsallake wannan mataki da rai, sauran jinyar a ɗaki take ƙarewa, a hannun mata da 'ya'ya. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta yi magana a kan matakala da ƙofofin gine-gine da guraben aiki. Mutumin da ke kwance a ƙuryar ɗaki, wanda ba a ma san yana ji ba, babu mai kai ƙara a madadinsa.

Amma akwai abin da ƙasar Hausa take da shi wanda ɗaki na 119 bai samu ba. A asibitocin Arewa mara lafiya ba ya kwana shi kaɗai. Akwai mai jinya a gefen gado dare da rana, uwa ko mata ko ƙane, mai ba da abinci da juyawa da wanki. Idan dangi ne suka fi saurin lura, to babu wanda ya fi wannan mutum damar lura, in dai an gaya masa abin da zai duba. Gwajin ba ya cin ko sisi: a kira sunan mara lafiya, a buɗe masa ido idan ya kasa, a ce ya dubi sama, a jira, a ce ya dubi ƙasa. A maimaita da safe da yamma, domin gajiya da zazzaɓi kan hana amsa. Idan ya amsa, sama ta zama e, ƙasa ta zama a'a, a sanar da likita nan take. Mai ilimin boko ko na ajami ana iya rubuta masa haruffa a allo, a fara da waɗanda suka fi yawa a Hausa, harafin a a kan gaba. 'Yan dubiya kuma su san bakinsu, domin zancen gado da na likkafani da ake yi a kan mai numfashi yana iya shiga kunnen da ke ji sarai. Malaman fiƙihu sun daɗe da karɓar isharar wanda ba ya iya magana a ciniki da aure da wasiyya matuƙar an fahimce ta, saboda haka wanda ke amsawa da ido yana da ta cewa a kan gonarsa da gidansa da jinyarsa.

Shekara 10 bayan rasuwar Bauby, a 2007, Ba'amurke Julian Schnabel ya mayar da littafin fim, Mathieu Amalric ya fito a matsayin editan. Fim ɗin ya ci kyautar gwarzon mai ba da umarni a bikin Cannes, ya kuma shiga takarar Oscar a rukuni huɗu. Sai dai abokan mamacin na kusa sun fito sun ƙalubalanci wani ɓangare nasa. Fim ɗin ya nuna uwar 'ya'yansa a matsayin wadda ta dage a gefen gado, ya nuna matar da yake tare da ita lokacin da ya faɗi a matsayin wadda ta kasa zuwa. Su kuwa suka ce wannan matar, 'yar jarida Florence Ben Sadoun, ita ce ta riƙa yin doguwar tafiyar Paris zuwa Berck a kai a kai, ita ce kuma take tare da shi a Garches lokacin da ya cika. A 2008 ta fitar da nata littafin.